Sanarwa Ta Koma Bidiyo: Ina Rabon Kurma Da Makaho A Zongon Parakou Da Djougou?

Duk wanda ya saba zama a rumfunan kasuwar Arzeke ta Parakou, ko a tashar manyan motoci ta Djougou, ya san cewa hanyar da labari ke iso mana ta sauya. A da idan ana son sanin halin da iyaka ke ciki, sai a jira direban da ya taso daga Malanville, ko a kasa kunne ga rediyo da asuba. Yau kuwa kafin direba ya gama ɗaure kaya labarin ya riga shi isowa a cikin wayar salula, kuma galibi ba a rubuce yake zuwa ba, bidiyo ne. Wani ya tsaya a bakin gada ya ɗauko layin motoci, wani jami'i ya yi jawabi an yanko minti biyu, wani kamfani ya yi zane mai motsi yana koya wa jama'a yadda ake biyan kuɗi ta waya. Daga nan sai WhatsApp ta ɗauka, daga Zongon Parakou zuwa Gaya da Kamba, har zuwa Kasuwar Allah ta Ouaké a bakin iyakar Togo.

Ba sai mun tsaya gaya wa mai karatu abin da jinkirin labari ke jawo wa ɗan kasuwa ba. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a Disamban 2020. A farkon 2023 aka yi rikicin sauya takardun Naira, inda aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu, daga baya kuma Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. 'Yan canjin da ke wannan ɓangare na iyaka sun san irin zufar da suka sha a tsakanin waɗannan ranaku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka datse gadar Malanville da Gaya, motoci suka yi layi, kaya suka lalace, aka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, mutane da dama suka ji rabin labarin suka yi lodi. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, wanda ya ji da wuri kuma ya ji daidai shi ya tsira da jarinsa.

To, tambayar da muke so mu ɗora a kan tabarma yau ita ce, wa wannan sabuwar hanya ta bari a baya? Akwai wani bawan Allah kurma da muka daɗe da sani, aikinsa lodin buhuna ne, kuma ya tara ɗan jari yana sayen albasa yana sayarwa. Waya tana hannunsa, ya iya sarrafa ta fiye da da yawa daga cikinmu. Ran nan muka tarar da shi yana maimaita wani bidiyo har sau huɗu. Jami'i ne a zaune bayan tebur yana magana, bakinsa na motsi, babu ko harafi ɗaya a ƙasan hoton. Ya gane dai maganar ta shafi kaya da iyaka saboda ya ga yadda fuskokin mutane suka sauya, amma me aka hana, me aka bari, daga yaushe, sai da ya bi mutum uku yana roƙon a kwatanta masa da hannu. A rumfar da ke kusa kuma akwai dattijon da yanar ido ta ci ƙarfinsa. Shi matsalarsa akasin wannan ce. An turo masa tallar kaya, kiɗa na tashi, farashi da lambar waya suna wucewa a rubuce, babu wanda ya buɗe baki ya faɗe su. Abin da ya isa kunnensa kiɗa ne kawai.

Kada a ɗauka waɗannan mutum biyu ne tak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya da rabi ne ke da raunin ji, daga cikinsu kimanin miliyan 430 raunin ya kai matsayin naƙasa. Masu matsalar gani kuwa ta ce sun kai aƙalla biliyan 2.2. Mu a nan muna da ƙarin dalili, domin arewacin Benin da Nijar da arewacin Nijeriya duk suna cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, kuma sanƙarau na daga cikin cututtukan da ke barin yaro da kurumta. Annobar 1996 zuwa 1997 kaɗai ta kama fiye da mutum 250,000 a wannan yanki. Yaran da suka tsira a lokacin, yau magidanta ne, wasunsu suna cikin kasuwannin nan tare da mu. Haka ma makantar bakin kogi, wadda aka yi shirin yaƙi da ita a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002, ta bar dattawa da dama a hannun 'yan jagora.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ganinta ba, kuma an daɗe da rubuta mata ƙa'ida. Akwai wata ƙungiya da ake kira W3C, wadda Tim Berners-Lee, Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, ya kafa a 1994. Ita ce ta fitar da kundin ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, wanda aka fi sani da WCAG. Na farko ya fito a watan Mayun 1999, na biyu a Disamban 2008, aka yi masa ƙari a 2018, aka sake yi a Oktoban 2023. Kundin ya kasa ƙa'idojin mataki uku: na farko wanda ba a yi wa kowa uzuri a kansa, na biyu wanda yawancin gwamnatocin da suka yi doka ke tilastawa, da na uku wanda ake ɗauka a matsayin kyautatawa.

Idan aka tace abin da kundin ya ce game da bidiyo, magana ɗaya ce: kada saƙo ya bi ƙofa guda. Abin da aka faɗa da baki a rubuta shi, abin da aka nuna wa ido a faɗe shi. Rubutun ƙasan bidiyo yana mataki na farko ga duk abin da aka riga aka naɗa, yana kuma mataki na biyu ga abin da ake watsawa kai tsaye. Sai dai ya kamata mu bambance shi da irin rubutun Turancin da muka saba gani a finafinan Kano. Wancan an yi shi ne don mai ji wanda bai iya Hausa ba. Wannan kuwa don wanda ba ya ji ne ɗungurungum, saboda haka ba magana kaɗai ake rubutawa ba, har da sunan mai maganar idan ba a ganinsa, da ƙarar da ke da ma'ana, kamar jiniya ko bugun ƙofa. Shi kuma makaho, kundin ya ce a yi masa bayanin abin da ke faruwa a hoton. Duk wanda ya taɓa sauraron ƙwallo a rediyo ya san wannan aiki, mai sharhi ne ke zame maka ido. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, kundin da kansa ya ce idan mai magana ya riga ya faɗi duk abin da ake nunawa, babu buƙatar ƙarin bayani. Wato mai tallar da ya ce buhun masara kaza ne, lambata kaza ce, rumfata tana wuri kaza, maimakon ya ce ga shi nan kuna gani, ya cika ƙa'ida ba tare da ya kashe ko dala ba.

Akwai kuma ƙa'idojin da suka shafi motsi da ƙara. Idan shafi ya kama ƙara da kansa fiye da daƙiƙa 3, dole a ba mutum wurin da zai tsayar da ita, domin makaho yana amfani da muryar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya, kuma kiɗan da ya ɓarke ba zato yana danne wannan murya. Idan rubutu ko zane yana gudu da kansa fiye da daƙiƙa 5, dole a iya tsayar da shi. Wannan ta shafi kowa. Sau nawa lambar waya ta wuce mu a guje kafin mu lalubo biro?

Wadda muke so a tsaya a kanta sosai ita ce ƙa'idar walƙiya, domin ita ba maganar asarar kuɗi ba ce, maganar lafiya ce. Kundin ya ce kada wani abu ya yi walƙiya mai ƙarfi fiye da sau 3 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ya yi kashedi na musamman a kan jan launi. Dalili kuwa, akwai masu farfaɗiyar da hasken da ke ƙyaftawa da sauri ke tayar musu da ciwo nan take. A ranar 16 ga Disamban 1997 wani gidan talabijin a Japan ya nuna katun ɗin yara na Pokémon, inda ja da shuɗi suka riƙa walƙiya kimanin sau 12 a daƙiƙa. A daren nan mutum 685, yawancinsu yara, aka kwasa zuwa asibiti. A 2007 masu shirya wasannin Olamfik na Landan sun cire wani ɗan bidiyon tallar tambarinsu daga shafinsu na intanet bayan an samu rahoton ya kayar da masu farfaɗiya. Gaskiya ne ba duk mai farfaɗiya haske ke tayar wa ba, masana na cewa uku ne zuwa biyar cikin ɗari. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo da miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, inda ake ɓoye ciwon don kunya, ko a ce aljanu ne. Yanzu mai karatu ya tuna irin bidiyon biki da tallar shaguna da samarinmu ke haɗawa, inda hoto ke tsalle yana ƙyalli fari da ja daidai da bugun kiɗa. A wurinsu ado ne. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan ado na iya kayar da yaro a kusa da murhu ko a bakin rijiya.

Wani zai ce, wannan duk hidimar 'yan tsiraru ce, mu da Allah ya ba ido da kunne ina ruwanmu? Amsar tana cikin kasuwar kanta. Ranar cin kasuwa, tsakanin ƙarar injin niƙa da hon ɗin 'yan zem da lasifikar mai magani, dukkanmu kurame ne. Shi ya sa kake ganin Alhaji ya manna waya a kunne yana sauraron bidiyo, ya rasa hoton, ko ya riƙe ta a gaba yana kallo, ya rasa maganar. Da tsakar rana kuma, a kan wayar da gilashinta ya tsage, dukkanmu masu raunin gani ne, kuma a nan ne ƙa'idar da ta ce rubutu ya bambanta sosai da launin da ke bayansa take nuna amfaninta. Rawaya a kan fari ba ya karantuwa. Ga kuma kuɗin data. Mutanen Benin ba su manta da 2018 ba, lokacin da aka sa harajin sefa 5 a kan kowane megabait na shafukan sada zumunta, jama'a suka yi ca har gwamnati ta janye shi a watan Satumba. Sanarwar minti uku a bidiyo tana cin megabait da dama, alhali rubutunta bai kai nauyin hoto ɗaya ba, kuma yana shiga ko a ƙauyen da layi ke rawa.

Sai dai kuma ba za mu yi wa mai karatu rufa-rufa ba. Waɗanda suka rubuta wannan kundi sun rubuta shi ne da tunanin mutumin da ya yi makaranta, yake zaune gaban kwamfuta, kuma harshensa ɗaya da na gwamnatinsa. Zongo ba haka take ba. Ƙididdigar UNESCO ta 2018 ta nuna kimanin kashi 42 cikin ɗari ne na manyan Benin suka iya karatu da rubutu. Harshen hukuma Faransanci ne, alhali a Parakou da Djougou ciniki na gudana ne da Dendi da Barbanci da Hausa da Fillanci da Yarabanci da Yom da Lokpa. Idan ma'aikata ta sa rubutun Faransanci a ƙasan jawabin Faransanci, a takarda ta cika ƙa'ida, amma mai albasarmu bai ƙaru da komai ba. Ko rubutun Hausar ma, wanne? Na Nijeriya, ko na wanda ya yi lakwal yake rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, ko ajamin da dattawa da yawa suka fi sakewa da shi tun daga makarantar allo? Mun sha ganin rubutun da haruffa masu lanƙwasa suka koma akwati-akwati domin manhajar ba ta san su ba, alhali tsakanin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, akwai tazara mai nisa.

Abu na biyu, kundin yana magana ne a kan shafin intanet, mu kuwa bidiyonmu ba ya zama a shafi. A YouTube ko Facebook, rubutun ƙasan bidiyo yakan kasance a wani fayil ne daban wanda mai kallo ke kunnawa ko kashewa. Da zarar wani ya sauke bidiyon ya tura ta WhatsApp, ko ya ba abokinsa ta Bluetooth a tasha, sau da yawa rubutun ya tsaya can, hoto da murya kaɗai suka yi tafiya. Saboda haka a irin yanayinmu rubutun da aka buga a jikin hoton, wanda ba ya rabuwa da shi, shi ne mai amfani. Kuma ya zama manya-manyan haruffa, domin WhatsApp na matse bidiyo don ya yi sauƙin tafiya, ƙananan haruffa su dagule.

Na uku shi ne dogaro da inji. YouTube ta fara rubuta magana da kanta tun a Nuwamban 2009, TikTok ta bi sahu a 2021, WhatsApp ma ta fito da mayar da saƙon murya rubutu a ƙarshen 2024, kuma da ta fara, da manyan harsunan duniya ta fara, babu Hausa a ciki. Ko inda injin ya iya kama Hausa, bai san kasuwa ba. Mu a ƙasashen sefa da dala muke lissafi. Idan mai kaya ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, idan ya ce jika, sefa 1,000. Tsallaka zuwa Nijeriya, dattijo ya ce jaka, Naira 200 ke ransa. Injin da ya ji dala ya rubuta kuɗin Amurka, ko ya fassara wa Bafaranshe ɗari a inda ake nufin ɗari biyar, ya haɗa faɗa. Don haka adadi da kwanan wata da sunan wuri, dole mutum ya duba su da idonsa, a faɗe su da baki, a kuma rubuta su da lamba. Lamba dai ko wanda bai yi boko ba yana karanta ta, tun da da ita yake kiran waya.

Sai maganar hannu. Kundin ya ajiye ta a mataki na uku, wato cikin kyautatawa. A ganinmu a nan lissafin ya juye, domin kurman da bai shiga aji ba, hannu ne harshensa na farko kuma na ƙarshe. Nan ma akwai sarƙaƙiya. Makarantun kurame na wannan yanki sun samo asali ne daga aikin Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makarantarsa ta farko a Ghana a 1957, ya kuma kafa kimanin 30 a ƙasashe 13, har da Nijeriya da Benin, kafin rasuwarsa a 1987. Shi ya sa hannun 'yan makaranta ya ɗauko daga na Amurka. Amma ƙasar Hausa tana da tata maganar hannu tun kafin wannan, wadda ake koya a kasuwa da majalisa, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a shekarar 2000. Tafintan da ya iya ɗaya ba lallai ya gamsar da mai ɗayar ba. Kuma kowa ya tuna abin kunyar da ya faru a taron juyayin Nelson Mandela a Disamban 2013, inda aka tsayar da mutum kusa da shugabannin duniya yana wurga hannu ba ma'ana, kurame kaɗai suka gane. Darasin shi ne, kurame ne za su ce tafinta ya iya, ba mai ba da kwangila ba.

Ta fuskar doka, ba a ce babu komai ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006 ta ambaci intanet ƙarara a sashe na 9 da na 21. Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010, Benin a 2012. Benin ta yi dokarta ta kare haƙƙin naƙasassu mai lamba 2017-06 a Satumban 2017, ta kuma yi kundin dokokin harkar dijital a Afrilun 2018. A Nijeriya Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019. A daidai wannan lokaci ne kuma Benin ta riƙa kwashe ayyukan hukuma tana mayar da su intanet: rajistar jama'a ta 2017 zuwa 2018, takardun da hukumar ANIP ke bayarwa, shafin ayyukan gwamnati da aka buɗe a 2020, da takardun shigo da kaya ta tashar Kwatano. Ba mu ƙi wannan ba, ya rage wa mutane sintiri da cin hanci. Amma idan ka rufe taga ka ce kowa ya bi ta waya, to, bidiyon da ke koya wa mutum yadda zai bi ya zama shi ne ma'aikacin da ke bakin taga. Ma'aikacin da ba ya iya magana da kurma ko makaho kuwa, ai ya mayar da su hannun 'yan tsakiya, masu karɓar la'ada a kan abin da ya kamata su samu kyauta.

A ƙasashen da abin ya kankama, ba wa'azi ne ya kawo shi ba, kotu ce da doka mai haƙora. A shekarar 2000 wani makaho a Ostireliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya Olamfik na Sidni kan shafinsu, ya yi nasara, aka biya shi dalar ƙasar 20,000. A Amurka ƙungiyar kurame ta ƙasa ta maka kamfanin Netflix a kotu, a 2012 kamfanin ya amince zai sa rubutu a dukkan finafinansa kafin ƙarshen 2014. Tarayyar Turai ta wajabta wa shafukan hukumomi a 2016, ta kuma faɗaɗa zuwa bankuna da masu ciniki ta intanet daga 28 ga Yunin 2025. Amma akwai labarin da ya kamata masu neman doka su riƙe. A 2017 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da aka matsa mata ta gyara darussanta na kyauta, sai ta janye fiye da 20,000 daga idon jama'a, ta ce gyaran ya yi tsada. Kurma bai samu ba, mai ji ma ya rasa. Abin da ya sa ya yi tsada kuwa shi ne an bari sai da kaya suka taru. Gyara tun ranar ɗauka ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma mu da muke farkon tafiya muna da wannan dama.

Shi ya sa muke ganin abin da ya fi dacewa a nema daga hukumomi ba sabuwar doka mai shafi ɗari ba ce. Sharaɗi ne a cikin kwangila. Duk ma'aikata, ko ofishin duwan, ko magajin gari, ko kamfanin waya irin su MTN da Moov da Celtiis, da za su biya kuɗi a yi musu bidiyon sanarwa, su rubuta cewa ba a karɓar aikin sai da rubutu a jikinsa, da murya a harsunan kasuwa, da adadi a faɗe kuma a rubuce, da takaitaccen rubutu daban da za a iya turawa shi kaɗai, kuma babu walƙiya. Sanarwar da ta shafi rufe iyaka, ko hana fitar da wani amfanin gona, ko annoba, ita kam a haɗa da tafintan hannu, kuma a ba shi wuri babba a hoton, ba ɗan lungun da ba a ganin yatsunsa a fuskar waya ba.

Amma yawancin bidiyon da ke yawo a Zongo ba gwamnati ke yin su ba, mu ne. Ƙungiyar direbobi, 'yan canji, dillalan shanu, masu goro, kwamitin masallaci, da yaron da ke haɗa wa shaguna talla a wayarsa. Babu sufeton da zai zo daga Kwatano ya duba su. A nan tarihinmu ya isa ya zame mana jagora. Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, zango ce a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma abin da ya riƙe wannan fatauci shi ne fatoma da dillali, waɗanda aikinsu shi ne baƙon da bai ji harshen gari ba ya san farashi, ya san doka, kada a cuce shi. Haka kuma garuruwan Hausa sun daɗe da Sarkin Makafi, a Kano har da Sarkin Bebaye, wato akwai ƙofar da ake bi a isar musu da magana, su ma su isar da tasu. Masu unguwannin Zongo da shugabannin kasuwa za su iya kiran waɗannan mutane a zauna, a nuna musu bidiyon da aka tura a wannan wata, a tambaye su wanne suka gane.

Kafin a kai ga wannan zama, akwai gwajin da kowane mai tura sanarwa zai iya yi a rumfarsa cikin minti biyu. Ya kashe murya ya kalli bidiyon, ya ga ko ya fahimci me ake so, nawa ne, yaushe ne. Sannan ya kife wayar a kan tebur ya saurara, ya ga ko ya samu amsoshin nan uku. Mun gwada wannan da bidiyo goma na ƙarshe da suka shigo wayarmu daga 'yan uwa 'yan kasuwa. Biyu ne suka tsallake gwajin farko, huɗu suka tsallake na biyu, ɗaya tak ya tsallake duka, shi ma tallar wani mai gyaran waya ce da ya rubuta farashinsa a kwali ya ɗaga, yana karantawa da ƙarfi da Hausa da Dendi.